Abin da Aka Karanta wa Inna a Riyad

Ulaisha, Riyad
6 ga Oktoba, 2024

Ƙanena Usaid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kana kuma jure wa sanyin da ka ce ya fara shigowa. Mu nan alhamdu lillahi. Abban Bilqis yana gaishe ka. Ita Bilqis ta shiga aji huɗu, Hausarta kullum ƙara lalacewa take yi. Jiya ta ce wa Inna, “Jadda, ta'ali ki ci abinci,” wato “kaka, zo” da Larabci. Inna ta ce ita ba ta san wata Jadda ba sai garin da jirgin alhazai ke sauka.

Jikin Inna da sauƙi. Wankin ƙodar sau uku ne a mako, a asibitin da nake aikin jinya. Na roƙa an mayar da dawam ɗina, wato lokacin aikina, na rana don in riƙa leƙa ta. Rabin yini take yi a kwance, injin yana jan jini yana mayarwa. Barci ba ya zuwa, Larabcin talabijin ɗin da ke bango kuma ba ta jin sa. Matan da ke gadajen kusa da ita da 'ya'yansu suke zuwa, a zauna ana ta hira. Ita kuwa sai ta kafa wa sili ido.

Dalilin rubutun nan ke nan. Wayar da kake kira ba ta yi mata amfani. Kunnenta ya yi nauyi, sai ta yi ta ce maka “na'am, na'am,” kana kashewa ta tambaye ni me ka ce. Ga bambancin lokaci: in kun tashi mun gaji, in mun tashi kuna barci. Don Allah ka riƙa rubuto mata ta imel, da Hausa, mai tsawo. Ni zan buga a takarda in zauna daidai kunnenta in karanta mata lokacin wankin.

Ka fara da gaya mata abin da kake karantawa. Hajiya Kaltume maƙwabciyarmu ta tambaye ta, Inna ta ce likita za ka zama, tunda ta ji ana cewa dokta. Ni ma kaina, shekara biyu kana can, in an tambaye ni sai in ce tarihi in kawar da zancen. Ka bar koyarwa a Zariya, ka haye teku don ka karanci Amurkawa su kansu. Me ke damunsu da har sai an ɗauko ɗan Funtuwa ya duba su?

Yayarka,
Muhibba

Kansas, Amurka
13 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Inna, ta hannun Yaya Muhibba.

Assalamu alaikum. Inna, ina gaishe ki da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Autanki lafiya lau. Ina cin abinci, kada ki damu. Na samu shagon wasu mutanen Sudan masu sayar da naman halal, har kuɓewa busasshiya suna da ita, sai dai ba ta yauƙi kamar tamu.

Inna, ba likita zan zama ba. Doktan karatu ne, irin wanda ba ya yin allura. Abin da nake karantawa shi ne labaran da mutanen ƙasar nan suke ba kansu game da kansu. Kin san yadda a gidanmu ake cewa kakanmu ya shigo Funtuwa da jaki ɗaya da Alƙur'ani, ya kafa gida da guminsa? Ba ƙarya ba ne. Amma ban taɓa jin an ambaci matar da ta biyo shi a ƙafa ba, ko wanda ya yanka masa fili. To, ƙasashe ma haka suke yi, sai dai nasu labarin ana koyar da shi a makaranta, ana sa shi a fim, ana zaɓen shugabanni da shi.

Su a nasu labarin, kakanninsu sun tarar da ƙasa ce shimfiɗe babu kowa, suka shiga da gatari da bindiga suka raya ta. Alhali akwai mutane a cikinta, da garuruwansu da gonakinsu, aka kore su, aka kashe da yawa. Akwai kuma bayin da aka kwaso daga wajenmu suka yi noman. Suna kuma cewa a nan mutum shi ke yin kansa, ko ɗan wane ne shi, in ya yi aiki tuƙuru zai hau. Mu a aji muna zama mu karanta tsofaffin jaridu da littattafan 'yan firamare da tallace-tallace, mu kalli finafinan kaboyi, mu yi ta tambaya: wa ya tsara labarin nan, wa aka cire daga ciki, kuma me yake yi wa mutane a yau?

Bari in ba ki misali. Akwai wani dattijo Bature da ke kwana a motarsa a filin ajiye motoci na bayan ɗakin karatu. Shekara talatin ya yi a masana'antar taya, aka rufe ta, ciwo ya cinye masa gida. Ya liƙa tutar ƙasar a gilashin motar. Da muka fara gaisawa ya ce mini na yi sa'a da na zo ƙasar da ta fi kowace, kuma halin da yake ciki laifinsa ne, bai yi dabara ba tun yana da ƙarfi. Abin da nake son in gane ke nan, Inna: yadda labari ke shiga mutum har ya ɗauki laifin da ba nasa ba ya rungume.

A gaida Abban Bilqis, Yaya Jibrin, da ita Bilqis. Ki ci gaba da yi mini addu'a.

Autanki,
Usaid

Ulaisha, Riyad
24 ga Nuwamba, 2024

Usaid,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, an rage mana ma'aikata a sashe, in na dawo gida ƙafafuna ba sa ɗaukata. Wasiƙunka uku duk sun iso, duk an karanta, amma ta farkon nan ta fi shiga ranta. Sau biyu ta sa na maimaita.

Da na zo wajen kakanmu sai ta ɗaga hannun da babu allura ta ce, “Tsaya. Wa ya gaya wa Auta zancen matar?” Na ce ba wanda ya gaya maka. Ta ce, “Zuwaira sunanta, 'yar Damagaram ce, ni na yi mata aike ina yarinya. Kuma jakin ma nata ne.” Muka yi dariya har nas ɗin da ke kula da injin ta leƙo. Rabon da in ji dariyarta tun muna gida.

Zancen dattijon motar kuwa ya tsaya mata. Duk bayaninka na ƙasa da bayi ta saurara kawai, amma shi ta yi ta tambaya: “Ba shi da 'ya'ya? Ba shi da ƙane ko ɗaya? A motar yake alwala?” Na ce ba Musulmi ba ne. Ta ce ko ma mene ne, sanyi bai san wannan ba. Ta ce in gaya maka ka dafa abinci ka kai masa, ka ce uwarka ce ta aiko. Wata Balarabiya da ke gadon kusa ta tambayi me ake karantawa, na fassara mata, yanzu ita ma kullum sai ta ce, “Ina labarin Amriki?” Haka take kiranka. Inna kuwa sai ta gyara kwanciya, a ce ɗanta ne.

Jikin da sauƙi. Sai dai jijiyar hannun da ake wankin ta toshe, an sa mata bututu a wuya. Ba ta son madubi yanzu. Abinci sai an yi da gaske. Bizarta ta ziyara an ƙara mata wa'adi, likita ya rubuta cewa ba za ta iya hawa jirgi ba, don haka zancen komawa Funtuwa babu shi a yanzu. Kullum in mun biyo ta kasuwar Utaiqa sai ta ce a rage gudu ta ga masu dabino da kayan miya, wai nan ne kaɗai ya yi kama da gari.

Na san kuna da hutu a Disamba. Ka zo. Abban Bilqis zai nema maka bizar ziyara. Ban ce maka akwai wani abu ba. Na dai ce ka zo.

Muhibba

Kansas
15 ga Disamba, 2024

Inna da Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaida Inna da jiki. Hankalina ya kwanta da Yaya ta ce da sauƙi. Allah ya ƙara lafiya. Sunan Zuwaira kuma na rubuta shi, ba zai sake ɓata ba.

Saƙonki ya isa, Inna. Na kai wa dattijon shinkafa da miya, na ce uwata ce ta aiko daga Saudiyya. Ya karɓa, ya daɗe yana kallon robar. Washegari na tarar ya share mini ƙanƙarar da ta taru a bakin ƙofa, wai shi ba ya cin abin da bai yi wa aiki ba.

Zancen zuwa, ku yi haƙuri, ba zai yiwu a wannan hutun ba. Bizar da ke fasfona ta ƙare. Zamana a nan bisa ƙa'ida yake muddin ina karatu, amma in na fita sai na nemi sabuwa daga waje, kuma a yanzu ba wanda zai ce maka za a bayar, ko yaushe. Ga babbar jarrabawa a Afrilu, wadda sai na ci ta za a bar ni in fara rubuta kundina. In Allah ya kai mu Yuni zan san yadda zan yi.

Yau zan tafi wani ƙaramin gari a Nebraska, inda aka adana wasiƙun mutanen da suka yi ƙaura zuwa yamma a kan amalanke tun zamanin da. Zan yi makonni a can, an ce sadarwa ba ta da kyau.

Ga abin da na yi watanni ina juyawa a raina. Wanda zai zama wani abu dole ya tafi, in ya tafi kuma kada ya waiwaya. Uwa da uba da garin haihuwa kaya ne masu nauyi, mai tafiya mai nisa a hanya yake sauke su. Ba ƙiyayya ba ce. Sabon mutum ba ya fitowa sai ya je inda babu mai kiransa da sunan yarinta. Zan ƙarasa muku in na dawo, abokin tafiyata yana ta danna mini oda a waje.

Naku,
Usaid

Ulaisha, Riyad
20 ga Disamba, 2024

Usaid,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Jikin Inna da sauƙi.

Wasiƙarka ta iso, na karanta mata. Ta ce ta gode, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Ta ce kuma ba sai ka riƙa wahalar da kanka da rubutu ba, ka mai da hankali ga abin da ya kai ka.

Muhibba

Kansas
9 ga Fabrairu, 2025

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ina gaida Inna da jiki. Don girman Allah ki karanta wannan har ƙarshe.

Tun da na dawo na rubuto sau biyu, shiru. In na kira sai ki ce kina dawam, ko Inna ta kwanta. Na ɗauka fushin rashin zuwana ne, na ce zai wuce. Yau na kira Yaya Jibrin na matsa masa. Abin da kawai ya ce shi ne, “Usaid, je ka sake karanta abin da ka rubuta wa mahaifiyarka.” Na buɗe na karanta. Yaya, sai da na zauna a ƙasa.

Wallahi ba maganata ba ce. Maganarsu ce. Shi ne labarin da nake shirin yin kundina a kansa, shi nake juyawa a raina don in tona shi. Na rubuta a gurguje, na manta in ce “su suke cewa.” Na saba da aji, inda kowa ya san in ka faɗi irin wannan ba kai kake faɗa ba. Na manta da wadda za ta ji shi, da inda take kwance.

Ki kai wannan kunnen Inna.

Inna, ni ne Auta. Abin da na ce zan ƙarasa miki ga shi. Na je garin nan, na zauna a wani ɗaki mai sanyi na karanta wasiƙun mutanen da aka ce sun tafi ba su waiwaya ba. Inna, babu abin da suke yi sai waiwaye. Wata mata ta rubuta wa uwarta tana roƙon a aiko mata da irin waken gidansu, tana tambayar wa ya mutu, wa ya haihu, ko bishiyar bakin rijiya tana nan. Wani ya rubuta wa ƙanensa cewa ya samu gona iya ganinsa, amma da zai samu kuɗin hanya da ya dawo ya yi ƙwadago a gida. Wata ta binne 'ya'ya biyu a hanya, ta ce abin da ya fi ci mata rai babu tsohuwa ko ɗaya da za ta riƙe ta. Waɗanda suka zo daga baya su suka share kukan, suka bar jarumtar, suka koya wa yara. Abin da na gano ke nan, shi nake ɗokin gaya miki.

Ke ba kaya ba ce. Ban sauke ki a ko'ina ba. A garin nan babu mai kirana Auta, kuma ban zama sabon mutum ba, kaɗaici kawai na samu. Ki yafe mini.

Yaya, ki gaya mini gaskiyar jikinta.

Usaid

Ulaisha, Riyad
4 ga Maris, 2025

Usaid,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Mu lafiyarmu ƙalau, ban da Inna. Ka nemi gaskiya, ga ta.

Ranar da wasiƙarka ta Disamba ta zo, ban duba ta ba kafin in karanta, don na saba. Na zauna daidai kunnenta ina ɗaga murya, Balarabiyar nan ma ta juyo tana jira. Da na ce ba za ka zo ba, ta ce, “Ba komai, karatu ne.” Na ci gaba. Na riga na shiga tsakiyar layin kafin in gane abin da bakina ke faɗa. Na tsaya. Ta ce, “Maimaita.” Na ce ba wani abu ba ne. Ta ce, “Ke, maimaita.” Na maimaita. Ta juyar da fuska bango, bututun wuyanta har yana ja, injin ya fara ƙara. Ba ta yi kuka ba.

A mota ba ta ce a rage gudu a Utaiqa ba. Sai da muka tsaya a ƙofar gida ta ce, “Yaron nan gaskiya ya faɗa. Ni na ɗaure ki a ƙasar mutane, ba zan ɗaure shi ba. Kada ki kuskura ki kira shi saboda ni. In kin kira shi ban yafe ba.” Daga ranar ta daina tambayar wasiƙa. Hajiya Kaltume in ta yi zancenka, sai ta ce kana can kana zama babban mutum, da fara'arta, kamar da gaske.

Wasiƙarka ta Fabrairu na gan ta ranar da ta shigo. Ban buɗe ba. Na ce hujja ce irin ta masu boko, kuma ni na gaji. Ni ke ɗaga ta, ni ke yi mata wanka, ni ke bin takardunta ofis-ofis, kai kana can kana karatun tsofaffin wasiƙun matattu. Kusan mako biyu tana nan a rufe. Ranar da na buɗe ta, zazzaɓi ya riga ya rufe Inna. Ƙwayar cuta ce ta shiga ta bututun wuyan ta bi jini. Ba ta gane ni ba, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Yanzu tana ɗakin kulawa ta musamman, na'ura ke yi mata numfashi.

Ka ce hankalinka ya kwanta don na ce da sauƙi. Usaid, a Funtuwa aka haife ka. Ranar da Baba zai rasu ma, duk wanda ya shigo da sauƙi muka ce masa. Na gaya maka an sa bututu a wuya, na gaya maka ba ta iya hawa jirgi. Me kuma kake so in rubuta?

Na yarda ba maganarka ba ce. Na yarda. Amma ba ni ce ke buƙatar ji ba.

Yau na karya maganar uwata. Ka zo. Abban Bilqis ya shigar da takardar ziyararka.

Muhibba

Kansas
5 ga Maris, 2025

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina zuwa. Na gaya wa malamar da ke duba aikina, ta ce in yi tunani sosai, in na fita ba ta da ikon dawo da ni. Na ce na yi. Da zarar bizar ta fito zan hau jirgi na farko. Ki gaya mata ko ba ta ji. Ki ce Auta yana hanya.

Usaid

Funtuwa
22 ga Yuni, 2025

Yaya Muhibba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Yaya Jibrin da Bilqis. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ni lafiya lau. An fara ruwa, rufin ɗakinta yana yoyo ta kusurwar gabas, na sa an gyara.

Wata uku ba mu yi magana ba, ni ne sanadi. Da na sauka a Riyad na ga fuskar Yaya Jibrin na san ta tafi. Abin da ban zata ba shi ne a ce an riga an binne ta jiya bayan la'asar, ina sararin sama. Ya kai ni maƙabartar kai tsaye. Fili ne iya gani, kowane kabari da dutse biyu, babu suna. Ya nuna mini ƙasar da ba ta gama bushewa ba, na durƙusa. Ya ce mutane sun zo sosai, likitoci 'yan ƙasarmu da 'yan Nijar masu aiki a Utaiqa, waɗanda ba su taɓa ganinta ba su suka sa kafaɗa. Na zauna a gidanki har Salla muna wuce juna a falo kamar baƙi. Ranar da zan tafi na ce miki ko kwana ɗaya kin kasa jira na. Kin tsaya riƙe da ƙofa. Ina jin maganar nan a bakina har yanzu.

Ga halin da nake ciki. Na je Abuja neman sabuwar biza, aka karɓi takarduna aka ce in jira, za a neme ni. Har yau ba a neme ni ba. Jarrabawar Afrilu ta wuce. Makaranta ta rubuto da ladabi cewa tallafin karatuna an ba wani, in na samu dawowa wata shekara ina iya sake nema. Mai gidan da nake haya ya zuba littattafaina a kwali ya ajiye a ƙarƙashin bene. A Zariya kuma an cike gurbina tuni.

Ina kwana a ɗakin Inna. Masu gaisuwa ba su daina zuwa ba, kuma kowa tambayarsa ɗaya, “Yaushe za a koma?” Samarin unguwa sukan zo da yamma su zauna a dakali, su ce in gaya musu hanyar shiga Amurka, wai can ko shara kake yi sai ka gina gida. Na gwada ba su labarin abin da na gani. Ɗaya ya ce, “Malam, kai dai ka ci naka, kana yi mana baƙin ciki.” Shekara biyu da rabi ina koyon yadda ake tona labarin nan, na kasa karya shi a ƙofar gidanmu.

Ba don wannan na rubuto ba. Tambaya ce na kasa yi miki ido da ido. Wasiƙar nan, kin karanta mata? Ta ji? Ko da wancan zancen ta tafi?

Ƙanenki,
Usaid

Ulaisha, Riyad
11 ga Yuli, 2025

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi, ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Abban Bilqis yana gaishe ka. Na ji abin da ya same ka na karatu, na yi kuka a ɗakin canza kaya inda ba mai ganina. Ni na ce ka zo. Ban san ko da na sake samun ranar zan faɗi wani abu daban ba.

Bari in fara da abin da ba ka tambaya ba. Tun farkon zuwanta, wata rana muka bi ta bayan asibiti, ta ga ƙofar ɗakin ajiye gawa ta tambayi mene ne. Na gaya mata. Ta riƙe hannuna ta ce, “In ta Allah ta kasance a nan, kada ki bari a sa ni a firji kamar kifi. A wanke ni a kai ni.” Ranar da ta cika, takardu suka fito da wuri, abin da ba a saba ba. Abban Bilqis ya ce a jira ka. Ni na ce a'a. Na riga na karya mata magana ɗaya, ban iya karya ta biyu ba. Maganar da ka faɗa a bakin ƙofa na yafe tun kafin ka sauka daga bene.

Yanzu tambayarka. E, na karanta mata. Washegarin ranar da ka ce kana hanya, na sa rigar shiga ɗakin, na ja kujera, na sa bakina a kunnenta na dama, wanda ya fi ji. Na karanta daga “Inna, ni ne Auta” har “ki yafe mini.” Da na zo wajen matar nan mai neman irin wake na tsaya, na sake daga farko. Kullum sai na karanta, har ranar ƙarshe.

Ko ta ji? Na yi niyyar in rubuta maka cewa ta matse hannuna. Yatsunta sun motsa kam, sau ɗaya. Amma shekara goma sha biyar ina wannan aiki, na ga yatsu suna motsi haka a jikin waɗanda ba su san suna duniya ba. An ba ta maganin barci mai ƙarfi. Wasu likitoci suna cewa ji shi ne na ƙarshen tafiya, wasu suna cewa faɗa kawai ake yi don 'yan'uwa su samu sanyi. Ban sani ba, Usaid. Ba zan sani ba, kai ma haka. Da na buɗe ta ranar da ta zo, da yanzu ina da amsar da zan ba ka. Kai ka bar kalma uku a rubutu, ni na bar mako biyu. Kowa ya ɗauki nasa, kada mu ƙara wa juna.

Abin da na sani shi ne wannan. Ana gobe zazzaɓin zai kama ta, ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce, “Can ƙasar da Auta yake, yanzu sanyi ne ko zafi?” Na ce sanyi. Ta ce, “Allah ya sa yana rufe kansa.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba fushi a muryarta. Ka riƙe wannan, ba ƙari a ciki.

Kada ka zauna a ɗakin nan kana jiran waya. Ka nemi koyarwa ko a ina ne, ko sakandare ce. Abin da ka karanta yana kanka, ba a kwalin ƙarƙashin bene yake ba.

Abban Bilqis ya so mu tattara mu dawo gida bana, kwantiragina ya ƙare, ya ce yarinyar nan tana girma ba ta san kowa nata ba. Gaskiyarsa ne. Mun yi kwanaki ba ma magana sosai. Ranar Lahadi na sa hannu a wata shekara biyu. Ni na ɗauko ta daga ɗakinta na kawo ta ƙasar nan, na ce mata wata uku ne mu koma. Ban iya hawa jirgi in bar ta ba tukuna.

Duk Juma'a bayan la'asar yakan kai ni. Shi ya shiga, ni in tsaya a bakin katanga, don mata ba sa shiga. Katangar doguwa ce, ba a hango komai. Ya sha nuna mini da hannu wajen da take, amma an yi ta ƙara sababbin layuka, shi ma yanzu sai ya yi jim kafin ya nuna. Sai in yi musu sallama dukansu.

Yayarka,
Muhibba